Suna Linzami Ne: Ƙugiyar Baƙaƙenmu A Hannun Na'ura

Hausawa sun ce suna linzami ne, inda duk aka ja shi nan mai shi zai juya. Mu mutanen Suleja ba ma bukatar dogon sharhi a kan wannan magana, domin kuwa garinmu ya taɓa yin kyauta da sunansa. Bayan da Sarkin Zazzau Muhammadu Makau ya baro Zariya a zamanin jihadi ya yo kudu da jama'arsa, ɗan'uwansa Abubakar, wanda ake yi wa laƙabi da Abu Ja saboda hasken fatarsa, shi ne ya kafa gari a bakin kogin Iku cikin shekarar 1828, aka kira garin da sunansa, watau Abuja. Haka aka yi ta kiransa shekara kusan 150, har zuwa 1976, sa'ad da gwamnatin Janar Murtala Muhammed ta yanke shawarar gina sabon babban birnin tarayya kusa da mu. Sabon birni ya ɗauki tsohon suna, tsohon gari kuwa ya koma Suleja, don girmama Sarki Sulaimanu Barau wanda ya yi sarauta daga 1944 zuwa 1979.

Saboda haka duk wanda ya ga tukunyar Ladi Kwali a wani gidan tarihi a Ingila, ya ga an rubuta cewa a Abuja aka gina ta, to, Suleja ake nufi, domin a nan ne Bature Michael Cardew ya kafa makarantar ginin tukwane a farkon shekarun 1950. Mutumin da ya san tarihi yana karantawa yana gyarawa a zuciyarsa, ba ya ko tsayawa. Wannan baiwa ce da Allah ya yi wa ɗan Adam, ya ji suna biyu ya gane abu ɗaya ake nufi, ko ya ji suna ɗaya ya gane abu biyu ne. To, na'ura mai ƙwaƙwalwa, watau kwamfuta, ba a yi mata wannan baiwa ba, alhali kuwa yau a hannunta muka danƙa takardunmu da hotunanmu da tarihinmu.

Ni mazaunin Iku ne, sana'ata kuwa rubuta manhaja, watau jerin umurnin da ake ba kwamfuta ta yi aiki da shi. Ina cikin dubban mutanen da kan yi sammako su bi ta Madalla da Zuba su shiga Abuja neman abinci, su komo da almuru. Abin da nake so in yi magana a kansa ƙarami ne ƙwarai a ido, bai wuce 'yar ƙugiyar nan da muke sa wa wasu baƙaƙe ba, da alamar hamza da muke sawa a cikin 'ya'ya da sa'a. Amma a cikin aikina na ga ɓarnar da wannan ɗan abu yake jawowa in aka yi masa riƙon sakainar kashi, shi ya sa na ga ya kamata masu karatu su san inda gizo ke saƙar.

Da farko dai, ya kamata a san cewa kwamfuta ba ta san baƙi ko wasali ba, lamba kurum ta sani. Kowane harafi da aka buga, akwai lambar da take ajiye shi da ita. Cikin shekarar 1963 aka fito da wani tsari a Amurka mai suna ASCII, wanda yake da gurbi 128 kacal, aka zuba baƙaƙen Ingilishi a ciki, da alƙaluma da alamomin rubutu. Babu gurbin ƙ, ko ɗ, ko ɓ. Sai a 1991 aka fito da tsarin Unicode, wanda aka yi domin ya ɗauki rubutun dukan harsunan duniya, a nan ne baƙaƙenmu suka sami mazauni. A wannan tsari lambar k ita ce 107, ta ƙ kuwa 409. Lambar d 100 ce, ta ɗ 599. Lambar b 98, ta ɓ 595. Mu a wurinmu k da ƙ kamar wa da ƙane ne, amma a wurin na'ura babu abin da ya haɗa 107 da 409, ko maƙwabtaka ba su yi ba. In an ajiye fayil da suna ƙasa, aka zo aka nemi kasa, sai ta ce babu, kuma a iyakar saninta gaskiya ta faɗa.

Da a ce hanya ɗaya muke bi wajen rubuta waɗannan baƙaƙe, da abin ya zo da sauƙi. Amma tun farkon boko ba a tsaya a kan ƙafa ɗaya ba. Turawan farko da suka rubuta Hausa, waɗansu ɗigo suke sawa a ƙarƙashin harafi, waɗansu kuwa 'yar alama suke ɗorawa a gefensa, kamar yadda Bargery ya yi a ƙamusunsa na 1934. Daga baya ne ƙugiya ta kafu a littattafan da ake bugawa a Zariya, jaridar Gaskiya Ta Fi Kwabo da ta fara fita a 1939 kuma ta kai ta ko'ina a ƙasar Hausa. Sa'an nan aka yi zamanin tafireta, wadda akasarinta ba ta da waɗannan baƙaƙe. Akawu mai kula yakan gama bugu ya bi da alƙalami yana lanƙwasa kawunan baƙaƙe ɗaya bayan ɗaya, marar kula kuwa ya bar su haka nan.

Da kwamfuta ta shigo, kafin Unicode ya game gari, sai masu hikima a cikinmu suka yi dabara. Suka ƙera zanen haruffa na musamman, suka ari gurbin waɗansu alamomi da ba a cika amfani da su ba, suka ɗora musu siffar baƙaƙenmu. Dabarar ta yi amfani a zamaninta, an buga littattafai da kundayen jami'a masu yawa da ita. Sai dai fa in rubutun ya bar kwamfutar da ke da wannan zane, asiri ya tonu, shi ya sa mai karatu yakan ci karo da }asa a maimakon ƙasa, ko ]aya a maimakon ɗaya. Waɗansu kuma suka ari q da x da v, suna rubuta qasa da xaya da vangare. Matasa a wayar hannu suna rubuta k'asa, mafi yawan jama'a kuwa kasa kawai suke bugawa su wuce. Ku duba fa, kalma ɗaya ta yi kama biyar, kowace kama kuwa baƙuwar 'yar'uwarta ce a wurin na'ura.

Alamar hamza ma ba ta tsira ba. A ido 'yar ƙyas ce guda ɗaya, amma a cikin na'ura tana da 'yan'uwa masu kama da ita. Akwai miƙaƙƙiya mai lamba 39, wadda take a kan madannai. Akwai lanƙwasasshiya mai lamba 8217. Akwai mai lamba 700, wadda aka tanada domin harsunan da hamza take harafi ce a cikinsu. Daɗin daɗawa, manhajojin buga takardu sukan ga alamar a farkon kalma, kamar a 'yar ko 'yan, su zaci za a buɗe zancen wani ne, sai su juya ta baibai ta koma mai lamba 8216, ba tare da sun yi shawara da mai bugu ba. 'Yan'uwanmu na Jamhuriyar Nijar kuwa ƴ suke rubutawa, mai lamba 436. Ashe ke nan kalmar 'ya'ya, mai hamza biyu, ana iya buga ta ta hanyoyi fiye da goma, mai karatu ya ga duk ɗaya ne, na'ura ta ga kowace dabam.

Masu rubuta manhaja sun san da irin wannan rikici, domin ba Hausa kaɗai ya shafa ba. Maganin da suke yi masa shi ne daidaitawa, watau kafin a ajiye suna, ko kafin a neme shi, a bi da shi ta wata ƙa'ida da za ta mayar da dukan kamanninsa kama ɗaya. Ga misali, wasalin à, wanda masu ƙamus suke nuna karin sauti da shi, ana iya ajiye shi da lamba ɗaya, 224, ana kuma iya ajiye shi da lamba biyu, 97 ta wasalin da 768 ta alamar da ke kansa. Tsohon tsarin ajiya na kwamfutocin Apple yakan warware shi gida biyu, sauran kwamfutoci kuwa galibi a dunƙule suke barinsa, har ya zama fayil ɗaya yana iya tashi daga wannan na'ura zuwa waccan ya zama ba a gane shi. Daga nan ne aka sami wata dabara da ta yaɗu a tsakanin masu sana'armu. In ana son suna mai sauƙi domin fayil ko adireshin intanet, sai a warware kowane harafi gida biyu, a zubar da duk abin da ba ya cikin gurbi 128 ɗin nan na farko. Ga Faransanci dabarar tana aiki sarai, é takan rabu, alamar ta faɗi, e ta tsaya.

To, a nan ne namu ya bambanta. A tsarin Unicode ƙugiyarmu a jikin harafin take, ba a ware ta a matsayin alama mai zaman kanta ba, saboda haka ba ta warwaruwa. In aka bi da ƙ ta wannan dabara, harafin ne gaba ɗaya yake faɗuwa. Sai ƙasa ta koma asa, ɗaki ya koma aki, ɓarawo ya koma arawo. Wani mai manhajar kuma, da ya lura da haka, sai ya ce bari ya mayar da ƙ ta zama k, ɗ ta zama d. Wannan ya fi na farko, amma shi ma yana da nasa haɗari, domin a Hausa ƙugiya ma'ana take rarrabewa. Kura dabam, ƙura dabam. Baki dabam, baƙi dabam. Haka kafa da ƙafa, da daka da ɗaka. Wanda yake tara muryoyin kalmomi domin koyar da yara, ya ajiye kura, sa'an nan ya ajiye ƙura, in manhajarsa ta aske ƙugiya, na biyun zai hau kan na farko ya shafe shi, ba kuwa tare da wata sanarwa ba.

Amma mafi muni duka shi ne a sami ƙa'ida biyu a gida ɗaya, mai ajiya yana bin tasa, mai nema yana bin tasa. Wannan na gani da idona. Wata ƙungiyar ci gaban unguwa a nan yankinmu ta yi tunani mai kyau, ta ce tun da gara da ruwan damina suna cinye takardun cinikin filaye, kowa ya kawo tasa a ɗauki hotonta a ajiye a kwamfuta da sunan mai ita. Kowa ya san yadda fili ya yi daraja a Suleja tun da babban birnin tarayya ya tare a Abuja a 1991, har taƙi ɗaya yana iya raba zumunci. Jama'a suka amsa kira, aka ajiye takardu masu yawa.

Ana nan sai wani magidanci ya rasu, ya bar mace da marayu da ɗan fili a bayan gida. Ba a daɗe ba wani ya fito ya ce filin nasa ne. Matar ta buɗe akwati ta tarar da gara ta riga ta, sai ta tuna maigidan ya taɓa kai takardar wurin ƙungiya. Aka buga sunansa, na'ura ta ce babu. Aka sake bugawa da manyan baƙaƙe, ta ce babu. Mako uku tana zarya, har waɗansu suka fara raɗe-raɗin cewa ko dai ba a taɓa yin takardar ba. Da aka kira ni in duba, na same ta zaune a bakin ƙofa, na gaishe ta na yi mata ta'aziyya. Ta ce, "Ɗan nan, ni ban san boko ba, amma da idona na ga ranar da Malam ya fita da takardar nan a aljihu." Na ce, "Inna, ki kwantar da hankalinki, in dai ta shiga, da yardar Allah za ta fito."

Sunan marigayin da Ɗan yake farawa, kamar sunayen mutanenmu da yawa. Da na buɗe cikin manhajar sai na tarar mutum biyu ne suka rubuta ta, a lokaci dabam-dabam. Wanda ya rubuta sashen ajiya ya bi dabarar nan ta zubar da duk harafin da ba na Ingilishi ba, saboda haka Ɗ ta faɗi, sunan ya koma yana farawa da an. Wanda ya rubuta sashen nema kuwa mayar da Ɗ yake yi ta zama D. Watau an ajiye takarda a layin A, ana ta nemanta a layin D. Kowannensu in ka duba aikinsa shi kaɗai, ba za ka ce ya yi ganganci ba, sai dai ba su taɓa zama sun yi shawara ba. Na gangara layin A, sai ga takardar, da sa hannun mai unguwa da na shaidu. A ranar kuma muka gano ba ita kaɗai ba ce, duk wanda sunansa yake da ƙugiya haka aka yi masa, illa dai bukatarsu ba ta taso ba tukuna.

Adireshin intanet ma haka abin yake. Asalin tsarinsa ba ya ɗaukar kome sai waɗansu daga cikin haruffan nan na ASCII, saboda haka duk baƙin da ba ya cikinsu sai an sake masa kama. Harafin ƙ yakan koma %C6%99, ɗ ya koma %C9%97, ɓ ya koma %C9%93, filin da ke tsakanin kalma da kalma kuma ya koma %20. Shi ya sa in mutum ya kwafo adireshi mai Hausa ya aika wa abokinsa, sai a ga wani dogon abu kamar tsafi. Wannan ba laifi ba ne, muddin aka sake kamar sau ɗaya, aka kuma mayar da ita sau ɗaya. Amma in wani sashen manhaja ya sake wa adireshi kama, wani sashen bai sani ba ya ƙara sakewa, to, hanya ta ɓace. Har ila yau, yawancin manyan kwamfutocin da ke riƙe da shafukan intanet suna bambanta babban baƙi da ƙarami, alhali kwamfutar da ke kan teburin mai rubutu galibi ba ta bambantawa. Sai abu ya yi aiki lafiya lau a ofis, a ɗora shi a intanet ya ƙi buɗuwa. Ta irin waɗannan ƙananan ramuka ne rubuce-rubucen Hausa masu daraja suke sulalewa, suna nan a ajiye amma mai nema ba ya isa gare su.

Na sha jin waɗansu abokan sana'a suna cewa, tun da ƙugiya ita ce take jawo wahala, me zai hana a yar da ita kowa ya huta, ai Bahaushe yana gane kasa da ƙasa daga yanayin magana. Ni ban yarda da wannan ba. Babba wanda ya ƙoshi da harshen yana iya ganewa, amma yaron da yake koyon karatu fa, ko Bagwari ko Bakoro maƙwabcinmu da yake koyon rubutun Hausa, ko ɗanmu da aka haifa a Legas? Bugu da ƙari, yanzu na'urori ne suke karanta rubutu da murya, suna kuma fassara shi, abin da muka ba su kuwa shi za su mayar mana. Gurbin baƙaƙenmu yana nan a tsarin duniya fiye da shekara 30, wayoyin hannu na yanzu kuma suna da madannan Hausa ga wanda ya so. Wanda aka ba ɗaki a gida ya ƙi shiga ya kwana a zaure, kada ya ce masu gida ne suka wulakanta shi.

Abin da nake ganin ya dace ba mai wuya ba ne. Na farko, a ajiye kowane suna da cikakken rubutunsa na Hausa, da ƙugiyarsa da hamzarsa, kada a taɓa shi, domin shi ne asali. Na biyu, in ana bukatar sauƙaƙƙen suna domin nema ko domin adireshi, a yi shi dabam a ajiye a gefen na asali, a kuma haɗa masa lamba tasa ta kansa yadda kura ba za ta shafe ƙura ba. Na uku, ƙa'idar da za ta fitar da wannan sauƙaƙƙen suna ta zama guda ɗaya tak, a rubuta ta wuri ɗaya, mai ajiya da mai nema duk su bi ta ƙofarta. Ta san cewa ƙ da q da k' abu ɗaya ake nufi da su, ta san 'y da ƴ ɗaya ne, ta kuma tattara dukan 'yan'uwan hamza ta mayar da su guda. Na huɗu, kada a saki wata manhaja da za ta riƙe sunayen mutanenmu sai an gwada ta da kalmomi irin su ƙasa da ɗaki da ɓera da 'ya'ya, an ajiye su an kuma nemo su. Gwajin ba zai ci minti goma ba, ba a kuwa fafe gora ranar tafiya.

Wannan aiki ya fi ƙarfin mutum ɗaya. Magabata sun zauna a Bamako a 1966 domin daidaita yadda za a rubuta harsunan Afirka ta Yamma, har da Hausa, an kuma yi ta irin wannan zama a Kano da Yamai bayan nan, shi ya sa yau Bakano da Bamaraɗe suke karanta littafin juna. Abin da ya rage shi ne a yi irin wannan zama domin na'ura. Ina kira ga sassan Hausa da na ilmin kwamfuta a jami'o'inmu na Zariya da Kano da Sakkwato, da takwarorinsu na Nijar, su haɗa kai su fitar da 'yar takarda guda, ko da shafi biyu ce, wadda za ta faɗi lambar da za a riƙa amfani da ita ga hamza, da yadda za a jera baƙaƙe, da yadda za a sauƙaƙe suna in bukata ta kama, a raba ta kyauta ga duk mai rubuta manhaja. Gidajen jaridu da na rediyo, waɗanda suka fi kowa zuba Hausa a intanet, su ne ya kamata su fara aiki da ita.

Kafin a kai ga haka, kowa yana da abin da zai iya yi. Malamin makaranta ya koya wa ɗalibansa inda ƙugiya take a waya, kamar yadda aka koya mana ita a allo. Akawun da ke shigar da sunayen jama'a ya tsaya a kan rubutu ɗaya, kada ya buga Ɗan yau, gobe ya buga Dan, jibi ya raba shi da sauran sunan. Wanda kuma ya kai takardarsa aka ajiye masa a kwamfuta, kada ya tashi daga wurin sai ya ce a nemo ta a gabansa ya gani, ya kuma rubuta yadda aka buga sunan nasa ya adana. Allah ya sa mu dace, amin.